Shekarar da Ƙyanda Ta Shigo Makarantarmu

Shugaban hukumar makaranta, manyan baƙi, Inna mahaifiyar marigayi, uwargidansa da 'ya'yansa, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

Mun taru ne saboda Malamin Kimiyya, wanda ya yi shekara ashirin da shida yana koyarwa a cikinmu. Ya kasance mai haƙuri da tambayar yaro, komai shirmenta. Ya kasance idan ya san abu, ba ya jin nauyin faɗa wa na gaba da shi. Ni shaida ne.

Shekarar da ƙyanda ta shigo ɗakin kwanan ɗalibai, saura mako uku jarrabawa, ni ne shugaban makaranta, kuma na yanke shawarar kowa ya tafi gida. Ya same ni a ofis, hannunsa duk alli.

"Ranka ya daɗe, gidajen nan akwai jarirai. Tsarabar da za mu aika musu ke nan?"

Ya zauna ya yi mini darasi kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce jikin da ya taɓa yaƙi da ƙwayar cutar, ko aka yi masa rigakafi, yana ajiye wasu ƙwayoyin jini da suka san kamanninta. Ko bayan shekara talatin ta dawo, kafin ta zauna sun taso mata.

Na fasa tura kowa gida, muka kira ma'aikatan lafiya. Shi kuma ya bi iyaye a waya ɗaya bayan ɗaya: wa ya taɓa yi, wa aka yi wa allura? Sauran aka yi musu a ranar. Da aka zo kan wanda zai riƙa shiga ɗakin marasa lafiya, sai ga malamin bai san nasa tarihin ba. Ya kira Inna a gabanmu.

"Kai? Kana rarrafe ka yi ta, ka hana unguwa sakat da kuka. Shiga abinka."

Ya shiga. Kwana goma sha takwas yana kai abinci, yana shafa wa yara ruwa a goshi.

Inna, ɗalibai goma sha ɗaya suka kwanta, duka suka tashi suka rubuta jarrabawa, kuma ba jariri ko ɗaya da cutar ta je wa ta hanyarmu. Ɗanki ne ya yi wannan. Ku 'ya'yansa, ku ɗaga kai idan an ambaci mahaifinku.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna da iyalinsa juriyar rashinsa. Amin.