Inda Suka Tsaya a Babi na Tara

A ɗakin jira na asibiti, wata mata ta leƙa tsohon littafin da dattijon gefenta ke riƙe da shi.

"Baba, babi na tara kake? Inda maharbi ya shiga birnin aljanu?"

"Nan nake, 'yata. Ai zai fito. Ƙofar dutsen tana buɗewa duk shekara bakwai."

"Ga wanda bai sha ruwan rijiyarsu ba! Shi kuwa ya sha. Ba ka karanta na goma ba?"

Dattijon ya dubi littafin.

"Matata nake karanta wa. Nan muka tsaya aka kwantar da ita. Na yi mata alkawari ba zan wuce ta ba."

"Wayyo, Baba, ka yafe mini."

"Ba komai." Ya rufe littafin a hankali. "In ta farfaɗo, ce mata zan yi ya fito."