Mai Tarbar Injiniya

A bakin titin Challawa, wani dattijo da wata budurwa suna jiran adaidaita.

"'Yata, me wayar nan ta yi miki kike ta dangwalarta?"

"Zagi nake gogewa, Baba. Ni ke kula da wani zauren matafiya a intanet. Wani injiniya Bayahude zai zo gyaran inji, ya tambaya ko zai zauna lafiya a Kano, shi ne wasu suka far masa. Har ya ce ya fasa."

"Ɗana yana Turai, da irin fargabar nan nake kwana. Rubuta masa, Malam Gali na Panshekara zai tarbe shi a filin jirgi."

"Kuna da mota, Baba?"

"Keke gare ni. Ke dai rubuta."