Littafin da Ba a Yanka Ba

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na Todmorden, shekara guda bayan Babban Yaƙi, wani tsohon soja mai hannu ɗaya ya zauna kusa da wata tsohuwa. Ya lura littafi take ta shafawa a cinya.

"Inna, ai ba a yanka shafukansa ba. Yadda ya fito daga maɗaba'a, haka yake a manne."

"Ina ruwanka, sarkin sa ido? Waƙoƙin ɗana Clement ne. Bai dawo daga Faransa ba, abokansa suka buga."

"Ba ki karanta ba?"

"Da wane ilimin? Tun ina yarinya nake masaƙa. Limamin cocinmu ma cewa ya yi irin na zamani ne, ba kai ba gindi."

"Ina da wuƙa, na kuma iya karatu. Wane jirgi kike jira?"

"Ko ɗaya. Nan akwai wuta, akwai motsin mutane. Kai fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ma haka."

Ta riƙe masa littafin, ya zura wuƙa ya tsaga shafin farko. Ya karanta a hankali: waƙar wata mace ce mai dawowa gida da auduga a gashinta. Tsohuwa ta kai hannu ta taɓa kanta.

Ya sake ɗaga wuƙa, ta dafe littafin.

"Ɗaya ya isa, ɗan nan. In ka yanke duka yau, me zai kawo mu gobe?"