Mai Keke Ba Ya Wuce Dattawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Habu, malamin lakkwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye gabas da Magariya, kuma a kan keke nake zuwa aiki.

Jama'a, ba yashi ke sa ni makara ba, gaisuwa ce! Mai moto hannu kawai yake ɗaga wa dattawa ya wuce, amma mai keke dole ya sauka. Daraktanmu har ya ja mini kunne, ya ce in sake hanya.

To, ranar sunan ɗiyata dattawan nan suka cika ƙofar gidana, sai da muka aro tabarmi.

Ku gaishe mini da su. Zan riƙa sammako, amma gobe ma sai na sauka.