Gorar Ruwan Teku

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Cadawa.

Bayan na fita takabar maigidana, ɗana da ke aiki a Kwatano ya ce, "Inna, taho ki ga gari, ko zuciyarki ta yi sanyi." Kwana biyu muka yi a mota, ƙafafuna suka kumbura. Ya kai ni garin Wida, zuwa wani tsohon ɗakin bautar macizai inda baƙi ke rataya mesa a wuya ana ɗaukar su hoto. Yana ta cewa, "Inna, yi murmushi mana." Ina yi, amma Allah ya sani na gaji.

A bakin teku na cika gora da ruwa, domin Malam, maigidan nawa, ya sha yin musu, wai ruwa mai yawa haka ba ya yin gishiri. Na ce sai ya ɗanɗana da bakinsa. Sai da muka wuce Maraɗi a hanyar dawowa, ina rungume da gorar, na tuna babu mai ɗanɗanawa.

Yanzu kullum ɗana na bugo waya, "Inna, tafiyar ta yi miki magani ko?" Ina ce masa ta yi. 'Yan uwa masu sauraro, ku ba ni shawara. In faɗa masa gaskiya, ko in bar shi da murnarsa?