Kazar Ebenezer

A kasuwar Zuru, Leah ta tsuguna da kaza a hammata, kusa da Altine mai tallar nono.

"Sayarwa za ki yi, Mama?" in ji Altine.

"Dole. Maciji ya shanye ƙwanta, amma ta ƙi tashi daga kwanci. Na tsoma ta a ruwa, ta koma. Ko ci ba ta yi." Leah ta shafa bayan kazar. "Ta ɗana ce, Ebenezer. Soja. Kayansa kawai aka kawo mini."

"Allah ya ba ki haƙuri." Altine ta miƙo mata ƙwan zabi a ƙoƙo. "Bar tsoma ta. Sa mata waɗanga."

"Ai ba nata ba ne."

"Abin rufewa da fiffike take nema, Mama."

Leah ta karɓa, ta dubi kazar. "Kin ji? Tashi mu koma gida."