Ashe Igiya Ce Ke Ɗaga Su

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hamidu ne daga Tabotaki.

Muna samari, finafinan kunfu na Sinuwa sun koya muna haƙuri da girmama malami, ban musanta ba. Amma ganin jarumi na tashi sama ya sa na diro daga saman rumbun babana. Har yau ina ɗingishi.

Shekaranjiya abokina Idi, wanda ya zuga ni, ya gwada mini a waya yadda anka yi su. Ashe igiya anka ɗaura musu, ga katifa ƙasa! Yana dariya ya ce, "Kai kaɗai ka yi na gaskiya."

Jama'a, ɗana ya fara kallonsu. In gwada mishi igiyar ko ƙafata?